Aikin Dare a Coimbatore

Ƙarfe tara na dare motar kamfani ke tsayawa
a bakin rumfar Murugesan mai gasa masara.
Ni ce ta huɗu a shiga.
Mukan bi ta gaban masaƙar da ta cinye ƙuruciyar babana,
yau ƙofarta da kwaɗo, tantabaru sun gaje rufin.

Wata shida na yi ina koyo.
Kuɗin makarantar awarwaron innata ne,
guda biyu, na zinariya,
suna kwance a akwatin mai karɓar jingina
can layin masu sayar da fure.
Ranar farko Malama Kanimozhi ta ce:
"Likita sauri yake, rubutunsa tonon kaza ne.
Ku ne masu bin sawu.
Abin da bai rubuta ba bai faru ba,
ko da kun ji warinsa a jikin takarda."

Na haddace ƙashi da jijiya,
da sunan kowane lungu na hanji,
na yi matashin kai da littafi mai nauyin dutsen niƙa.
Jarrabawar farko da maki uku ta kayar da ni.
Ban gaya wa kowa ba sai dalbejiyar bayan gida.
Ta biyu na haye.
Baba ya sayo alewa ya bi maƙwabta gida-gida
yana cewa Thenmozhi ta zama likita.
Ban gyara masa ba.

Yanzu ga ni a hawa na biyar, sanyin na'ura na cizon yatsu.
Rana tana can tana aiki a wata ƙasa,
mu muna nan muna tsince abin da ta zubar.
Ciwon suga, E11.9.
Hawan jini, I10, gajere kamar atishawa.
Wanda santsi ya kwashe, wanda kare ya ciza,
kowa da lambarsa,
don kamfanin inshora ba ya jin kuka, lamba yake ji.
Ɗigo ɗaya ya kauce, a dawo da takarda,
wani can ya buɗe ambulan
ya tarar da bashin da bai ci ba.

Daren Talata, fayil na sittin da biyu.
Tsoho, shekara saba'in da tara, wani gari a Nebraska.
Karaya a ƙugu.
Kwana biyu yana ƙasa kafin mai kawo wasiƙa ya leƙa taga.
A ƙarshe likita ya ƙara layi guda:
shi kaɗai yake zaune.
Ashe wannan ma da lambarsa.
Z60.2.
Na buga, na'ura ta haɗiye ba ta ce uffan ba.
Na tashi na haɗa shayin da ba na marmari.

Senthil na kujerar gefe ya gama lissafinsa:
shekara biyu ya zama mai duba aikin wasu,
ta uku sai Dubai.
A wurin cin abinci kuwa raɗa ake yi,
wai na'ura mai ƙwaƙwalwa na tafe,
aikin darenmu za ta lashe kafin ƙiftawar ido.
Babana ma ya taɓa jin irin wannan raɗar a masaƙa.
Ni dai ban sani ba.
Na san shekaranjiya wadda ake gwadawa
ta karanta "babu ciwon zuciya"
ta liƙa wa baiwar Allah ciwon zuciya,
ni na cire mata shi.

Da asuba mota ke sauke ni.
Inna na duƙe tana zane a ƙofar gida da garin shinkafa,
awarwaro ɗaya ya dawo hannunta,
ɗayan sai albashin watan gobe.
Daga ɗaki ina jin Baba,
tarin nan na auduga, na shekara talatin a bakin zare.
Na san lambarsa, harafi da ɗigo.
Na ajiye jaka,
na ɗora masa ruwan zafi.